Jiangsu: Wa Ya Ba Attajiri Ikon Kashe Ƙungiyar Gari?

Ranar 12 ga Nuwamba 2020 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jiangsu Suning ta ɗaga kofin babbar gasar ƙasar Sin, karo na farko a tarihinta. Ranar 28 ga Fabrairu 2021, kwana 108 ke nan tsakani, aka fitar da 'yar gajeruwar sanarwa cewa ƙungiyar ta daina aiki. Hukumar ƙwallo ba ta kore ta ba, ba ta kuma faɗa rukunin ƙasa ba. Kamfanin Suning da ya mallake ta ne ya janye hannunsa, aka nemi mai saye aka rasa, sai aka rufe ƙofa. Da aka buɗe kakar 2021, ƙungiyar da ke riƙe da kofi ba ta cikin jadawali, gurbinta kuma aka ba Cangzhou, wadda ta riga ta faɗi a kakar da ta gabata.

Ra'ayina a kan wannan bai da kwana-kwana. Attajiri na iya sayen ƙungiya, yana iya sayar da ita, yana iya cewa ya gaji ya tafi. Amma bai kamata doka ta bar shi ya tafi da ran ƙungiyar da ya tarar a raye ba. Duk ƙasar da ta tsara ƙwallonta yadda numfashin kulob zai rataya a aljihun mutum ɗaya, ta zalunci mutanen garin tun kafin ranar da aljihun zai ƙone.

Mutane da yawa a wajenmu sun fara jin sunan Jiangsu ne a Janairun 2016, lokacin da Ramires ya bar Chelsea ya tafi can. A gidajen kallo an yi ta tambayar wace ƙungiya ce wannan, kamar jiya aka ƙirƙire ta. Alhali tun 1958 take. Ta faro ne a matsayin tawagar lardin Jiangsu, zamanin da gwamnati ke riƙe da wasanni kacokan, mazauninta kuma birnin Nanjing. Da aka kafa gasar ƙwararru a 1994 tana cikin ƙungiyoyi goma sha biyu na farko, ta ƙare a ƙarshen teburi, ta faɗi. Daga nan sai da ta shafe shekara goma sha huɗu tana fafutukar komawa. Tarihin nan ba fes yake ba: a 2001 sunanta ya fito cikin ƙungiyoyi biyar na rukuni na biyu da aka hukunta kan badaƙalar haɗa baki a sakamakon wasa. Duk da haka ba ta mutu ba. Kamfanin Sainty, wanda na gwamnatin lardin ne, ya riƙe ta tun daga shekarar 2000 da ɗan abin da ya sawwaƙa, har ta ci gasar rukuni na biyu a 2008 ta hau.

Kakar 2012 ce nake so mai karatu ya riƙe a ransa. A shekarar, ƙarƙashin koci Dragan Okuka, Jiangsu ta kasance ƙungiya mai ƙaramin kasafi idan aka kwatanta da Guangzhou Evergrande, wadda ke ta zuba kuɗi kamar ba gobe. Babban makaminta wani ɗan wasan gaba ne ɗan Romaniya, Cristian Danalache, wanda ba kowa ya san shi ba a Turai, amma shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Ta bi Guangzhou ƙafa da ƙafa har ƙarshen kaka, ta zo ta biyu. Ranar da ƙungiyoyin biyu suka haɗu a Nanjing cikin Oktoba, mutum 65,769 suka shiga filin wasa. Babu Ramires a ranar, babu Teixeira, Suning kuma bai shigo harkar ba tukuna. Bayan shekara uku, a 2015, Dan Petrescu ya jagorance ta ta doke Shanghai Shenhua ta ci kofin ƙalubale. Wato lokacin da attajirin ya zo, gida ya tarar a gine, da jama'arsa a ciki.

A Disambar 2015 Suning ya sayi ƙungiyar a kan yuan miliyan 523. Kamfani ne na Nanjing, wanda Zhang Jindong ya kafa a 1990 da shagon sayar da na'urar sanyaya ɗaki, ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan dillalan kayan lantarki a ƙasar. Ɗan gari ne ya sayi ƙungiyar garinsu, don haka ba wanda ya ga abin tsoro. Cikin 'yan makonni aka kawo Ramires a kan kusan fam miliyan 25, aka kawo Jo, tsohon ɗan wasan Manchester City, sannan aka biya Shakhtar Donetsk yuro miliyan 50 a kan Alex Teixeira, wanda Liverpool ta nema ta kasa. A lokacin ba a taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba a nahiyar Asiya. A watan Yunin shekarar dai Suning ya sayi kusan kashi 70 cikin ɗari na Inter Milan a kan yuro miliyan 270. A 2017 aka ɗauko Fabio Capello. A bazarar 2019 saura ƙiris Gareth Bale ya iso Nanjing, sai Real Madrid ta fasa a ƙurarren lokaci.

Me ya kai mai sayar da firji da talabijin wannan ɓarin kuɗi? Son ƙwallo na iya kasancewa a ciki, amma ba shi ne babban dalili ba. Tun 2011 aka san Xi Jinping da buri uku: Sin ta sake zuwa gasar kofin duniya, ta karɓi baƙuncinta, ta kuma ci kofin wata rana. Sau ɗaya tak ƙasar ta taɓa zuwa, a 2002, a hannun Bora Milutinovic, wanda ya kai Super Eagles Faransa a 1998, kuma ta dawo ba ta zura ko ƙwallo ɗaya ba. A 2015 gwamnati ta fitar da shirin gyaran ƙwallo mai sassa hamsin, a 2016 ta sa wa kanta wa'adin zama babbar ƙasar ƙwallo nan da 2050. A ƙasa irin Sin, in shugaba ya nuna inda zuciyarsa take, 'yan kasuwa ba sa jiran a faɗa musu sau biyu. Kulob ya zama hanyar kusantar mahukunta, da samun filaye, da samun rancen banki, da talla a bakin miliyoyin mutane. Kamfanonin gine-gine su suka fi kowa rububi. Oscar da Hulk suka tafi Shanghai SIPG, Tevez ya tafi Shenhua. 'Yan Najeriya ma sun samu rabonsu: Mikel a Tianjin, Ighalo a Changchun, Obafemi Martins a Shanghai. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu. Sana'ar ɗan ƙwallo gajeriya ce, kuma ba shi ya ƙayyade farashin ba.

Inda matsalar take shi ne, babu ƙungiyar da kuɗin tikiti da riguna da talabijin za su iya biyan ko da rabin wannan albashi. Kowace shekara asara ake tafkawa, uban kamfani ya cike giɓin. A lokacin ƙungiyar ma sunan kamfanin take amsawa, in mai ita ya canza, suna ya canza. A takarda dai kulob ne, a zahiri kuwa sashen talla ne na wani kamfani, kuma sashen talla shi ake fara rufewa in kasuwa ta juya baya.

Kasuwar ta juya a 2020. Annobar korona ta sa aka killace ƙungiyoyi a birane biyu, Dalian da Suzhou, 'yan wasa suka yi watanni a otal ba sa ganin iyalansu, aka kuma mayar da ƙarshen gasar ta sili-ɗaya-ƙwale. Tun ana tsakiyar kaka labari ke fitowa cewa ana bin Jiangsu bashin albashi. A haka koci Cosmin Olaroiu ya kai su wasan ƙarshe, bayan sun fitar da Shanghai SIPG ta su Oscar da Hulk. Abokiyar karawa ita ce Guangzhou Evergrande ta Fabio Cannavaro, mai kofi takwas, mai Paulinho da Talisca. Karawa biyu aka yi a Suzhou, wasan farko aka tashi ba ci. A na biyu, daf da tafiya hutun rabin lokaci, Teixeira ya kutsa da gudu, He Chao ya kayar da shi a bakin da'ira, alƙali ya ba shi jan kati. Eder ya buga bugun tazara, ƙwallo ta taɓa jikin wani ta karkace ta shiga raga. Ana dawowa hutu Teixeira ya ƙara ta biyu. Wei Shihao ya rage wa Guangzhou ɗaya, amma aka tashi 2-1, kyaftin Wu Xi ya ɗaga kofi. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki a tsakiyar fili har da Mubarak Wakaso, ɗan Tamale ta ƙasar Ghana, wanda ya zo daga Alaves a farkon shekarar. Mutanen nan sun ci kofi suna bin bashin guminsu. A watan Disamba suka sake kaiwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Shandong ta doke su 2-0, ba su san wasansu na ƙarshe ke nan a rigar ba.

Akwai wani abu game da wasan nan na Suzhou da ya fi komai nuna ruɓewar tsarin. A fili ƙungiyoyin biyu abokan hamayya ne, a littafin bashi kuwa iyayen gidansu a ɗaure suke da igiya ɗaya. A 2017 Suning ya zuba yuan biliyan 20 a kamfanin gine-gine na Evergrande, bisa sharaɗin a dawo masa da kuɗinsa idan wani shirin shiga kasuwar hannun jari ta Shenzhen bai yiwu ba. Shirin bai yiwu ba. A Satumbar 2020, daidai lokacin da gwamnati ta fara ƙuntata wa kamfanonin gine-gine cin bashi, Zhang Jindong ya amince ba zai nemi kuɗin ba. A 2019 ma ya kashe yuan biliyan 4.8 wajen sayen shagunan Carrefour na ƙasar Sin, ga kuma masu ciniki ta intanet irin su JD suna cinye masa kasuwa. Reshensa na nuna wasanni ya gaza biyan kuɗin gasar Firimiya, aka soke kwangilar. Da Fabrairun 2021 ta kama, Zhang ya shaida wa ma'aikatansa cewa kamfanin zai koma kan asalin sana'arsa ta saye da sayarwa, ya rufe duk abin da bai shafe ta ba. Rahotanni sun ce an yi tayin ba da ƙungiyar kusan kyauta ga duk wanda zai ɗauki bashinta. Ba a samu kowa ba.

Olaroiu ya tafi. Eder da Miranda suka koma Sao Paulo, Wu Xi ya tafi Shenhua, Wakaso ya koma Shenzhen. Waɗannan manya ne, duniya ta san su, sun samu wurin zuwa. Waɗanda nake tunani su ne yaran makarantar horarwa da iyayensu suka sallama wa ƙungiyar, da masu wankin riguna, da masu gyaran ciyawa, da direbobi, da kuma dattijon Nanjing da ya bi ƙungiyar shekara goma sha huɗu a rukunin ƙasa yana jiran ranar da zai ga an kira ta zakara. Ya ga ranar, sannan kafin ya samu damar zuwa filin garinsu ya tafa mata a matsayin mai riƙe da kofi, aka ce masa babu ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya a Italiya. A watan Mayun 2021, wata biyu da 'yan kwanaki bayan rufe Jiangsu, Inter Milan ta ci gasar Serie A ƙarƙashin Antonio Conte, ɗan Zhang Jindong mai suna Steven yana shugabanta. A watan dai iyalan suka karɓo rancen yuro miliyan 275 daga kamfanin Oaktree na Amurka don Inter ta ci gaba da tsayuwa. Ga ƙungiyar Milan an samo dabara, ga ta Nanjing, garin da ya haifi dukiyar, ba a samo ba. Za a ce ai Inter kadara ce da za a iya jinginarwa, Jiangsu kuwa bashi ce zalla. Gaskiya ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Da wa'adin bashin ya cika a Mayun 2024 aka kasa biya, Oaktree ya karɓe Inter. Mai ƙungiya ya tafi, ƙungiya tana nan, har ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a shekarar da ta biyo. Iyali ɗaya, karayar arziki ɗaya, amma a wata ƙasa kulob ya canza hannu, a ɗayar ya shiga kabari. Bambancin yana cikin yadda kowace ƙasa ta gina ƙwallonta.

Na san abin da masu kare Suning za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce kamfani ne mai dubun-dubatar ma'aikata, in zaɓi ya zo tsakanin albashin mai jiran shago da na ɗan ƙwallon da ke karɓar miliyoyi, wane mai imani ne zai zaɓi ɗan ƙwallo? Na yarda. Da ni ne a kujerar a watan Fabrairun nan, mai jiran shago zan fara biya. Amma tambayar ta makara da shekara biyar. Wa ya kai albashin ƙungiyar inda ba mai iya ɗauka? Jiangsu ta zamanin Sainty ƙungiya ce da wani matsakaicin kamfani zai iya riƙewa. Suning ne ya kumbura ta har ta fi ƙarfin kowa, ya more tallar da ta jawo masa da kusancin da ta ba shi, sannan ya ajiye ta da nauyin da shi ya ɗora mata. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Za su kuma ce magoya baya ai ba su yi ƙorafi ba lokacin da ake sauke taurari a filin jirgi, kuma ba don kuɗin Suning ba da ba su taɓa ganin kofin ba. Wataƙila haka ne. Sai dai ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga kofi ɗaya, amma ladansa shi ne ku rasa ƙungiyar gaba ɗaya, kun yarda? Ba su da ƙuri'a, ba su da wakili a hukumar gudanarwa, ba su ga littafin kuɗi ba. Mutumin da ba a ba shi ta cewa ba, ba a ɗora masa alhakin yarjejeniyar da aka ƙulla a bayansa.

Kaso mafi girma na laifin, a ganina, yana wuyan hukumar ƙwallon ƙasar. Ita ke ba da lasisi, ita ya kamata ta tambayi kowane kulob inda zai samo kuɗin da ya yi alkawari. Ta zuba ido ana ta gasar ɓarna, sannan da ta tashi taka birki ta taka shi da ƙarfin tsiya. A 2017 ta sa harajin kashi ɗari bisa ɗari a kan sayen baƙin 'yan wasa masu tsada. A Disambar 2020 ta ƙayyade albashin baƙo kada ya wuce yuro miliyan uku a shekara, na ɗan ƙasa yuan miliyan biyar, ta kuma umarci kowace ƙungiya ta cire sunan kamfani daga sunanta. Wannan doka ta suna, a kan kanta, abu ne mai kyau, ni ma ina goyon bayanta. Amma an kawo ta a tsakiyar annoba, lokacin da kamfanoni ke neman hujjar guduwa, kuma aka ƙwace musu abu ɗaya da suke samu a fili ba tare da an tanadi wanda zai karɓi ƙungiyoyin ba. Jiangsu Suning ta zama Jiangsu FC a farkon 2021, ba ta buga ko wasa ɗaya da sabon sunan ba. Daga baya kuma aka ga irin hannayen da ke riƙe da hukumar. Shugabanta na lokacin, Chen Xuyuan, an yanke masa ɗaurin rai da rai a 2024 kan cin hanci. Li Tie, tsohon ɗan wasan Everton da ya horar da tawagar ƙasa, an ba shi shekara ashirin.

Jiangsu ba ita kaɗai ba ce, ita ce dai wadda ta fi ba da kunya. Tianjin Tianhai ta riga ta a 2020. Chongqing ta bi a 2022, Wuhan da Hebei da Guangzhou City a 2023, Dalian da Shenzhen ta su Wakaso a farkon 2024. A Janairun 2025 Guangzhou ɗin da aka doke a Suzhou, mai kofin gida takwas da na zakarun Asiya biyu, ita ma aka hana ta lasisi ta watse, tare da Cangzhou da aka ba gurbin Jiangsu. In mutum ɗaya ya yi haka a ce halinsa ne. In aka jera goma, to tsari ne ke haifar da su.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga wata hanyar. A maƙwabciya Japan, a 1998, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ɗaukar nauyin Yokohama Flugels ya janye, aka yanke shawarar narkar da ita cikin abokiyar hamayyarta Marinos. 'Yan wasan suka ci gaba da cin wasanni har suka ɗauki Kofin Sarki ranar 1 ga Janairu 1999, wanda shi ne wasansu na ƙarshe. Kusan labari ɗaya da na Jiangsu. Abin da ya bambanta shi ne magoya baya sun ƙi bin Marinos, suka tara kuɗi suka kafa Yokohama FC, hukuma kuma ta ba su gurbi a ƙananan rukunai. A 2007 suka iso babbar gasa. Parma ta Italiya ta karye a 2015, aka sake kafa ta a rukuni na huɗu, a 2018 ta dawo Serie A. A Jamus kuwa tun farko doka ta tanadi cewa rinjayen ƙuri'a a kulob na mambobi ne, in ban da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan da aka yi wa sassauci. Ko a waɗannan ƙasashe ana cin bashi, ana karyewa, ana zalunci. Amma an yarda da abu ɗaya: kamfanin da ke gudanar da ƙungiya na iya mutuwa, suna da launi da tarihi kuwa na gari ne, kuma akwai ƙofar da mutanen gari za su bi su ɗauke su.

Wannan ciwo mun san shi a Najeriya, shi ya sa labarin Nanjing bai yi mini nisa ba. Leventis United ta Ibadan ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na ƙungiyoyi masu riƙe da kofin ƙalubale a 1985, ta ci gasar ƙasa a 1986, ba a jima ba kamfanin ya rufe ta. Abiola Babes ta bi sahu. Raccah Rovers ta Kano da ta ci gasar 1978, yau sai a bakin dattawa. BCC Lions ta Gboko ta ɗauko wannan kofi na Afirka a 1990, da kamfanin siminti ya raunana ita ma ta dusashe. Maganin da muka samo shi ne mu jingina ƙungiyoyi ga gwamnatocin jihohi, kuma gaskiya hakan ya sa irin su Kano Pillars sun daɗe. Amma aljihu ɗaya ne dai har yanzu, an canza mai shi ne kawai. In gwamna mai son ƙwallo ne a sha daɗi, in ba ya so 'yan wasa su yi ta bin bashin kuɗin sa hannu. Dubban mutanen da ke cika filin Sani Abacha ba su da ƙuri'a ko ɗaya a kan wanda zai shugabanci ƙungiyar da suke ƙauna.

Wani zai ce wataƙila Sinawa ba su damu da ƙwallo ba ne, shi ya sa ƙungiyoyinsu ke mutuwa ba a ji kuka ba. Lardin Jiangsu da kansa ya ba da amsa a 2025. Aka shirya gasa tsakanin biranensa goma sha uku, akasarin 'yan wasan ba ƙwararru ba ne, akwai ɗalibai da malamai da ma'aikata, kuɗin shiga kuma bai taka kara ya karya ba. Kowace tawaga sunan garinta take amsawa: Nanjing, Suzhou, Wuxi, Xuzhou, Changzhou da sauransu. Gasar ta game ƙasar baki ɗaya, tikiti ya yi wuyar samu, birane suka riƙa tsokanar juna irin ta taubasai. Filin nan na Nanjing da Jiangsu ta bari ya sake ɗaukar sama da mutum dubu sittin. Ranar 1 ga Nuwamba aka buga wasan ƙarshe a cikinsa, Taizhou ta doke Nantong a bugun fenareti. Ba zan ce wannan ya maye gurbin ƙungiyar ƙwararru ba, domin gasar 'yan sa-kai ba ta kai yaro matakin duniya, kuma ita ma hannun hukumomin lardi na cikinta dumu-dumu. Amma ta nuna cewa jama'ar suna nan, da kuɗin tikitinsu a hannu, kuma ba Ramires suke jira ba.

Da hukumar ƙwallon Sin ta tilasta wa duk mai sayen kulob ya ajiye albashin shekara guda a asusun da ba zai iya taɓawa ba, da 'yan wasan Jiangsu ba su ci kofi da bashi ba. Da ta hana kashe abin da ya zarce kuɗin shigar ƙungiya tun 2016, da an samu mai saye a 2021, domin nauyin ba zai kai haka ba. Da kuma doka ta ce in mai kulob ya gaza, suna da gurbi su koma hannun amintattun gari, ko da za a mayar da ƙungiyar rukuni na uku ta fara daga tushe, da mutanen Nanjing sun karɓa hannu bibbiyu, tunda sun taɓa jiran shekara goma sha huɗu. Ba ɗaya daga cikin ukun nan da ke buƙatar attajiri mai tausayi, hukuma mai yin aikinta kawai suke buƙata. Kuma ba ɗaya daga cikinsu da hukumar gasar Najeriya ba za ta iya rubutawa cikin sharuɗɗan lasisinta na kaka mai zuwa ba.